Mu Ma 'Yan Bakin Fili A Ba Mu Zangonmu

Duk wanda ya taɓa zama ya karanta rasit ɗin rajistarsa layi-layi, ba wai ya leƙa jimilla ya yi tsaki ya ninke ba, ya san akwai wani layi da aka rubuta kuɗin wasanni. Kowa na biya. Mai buga lamba tara na biya, wanda bai san inda ƙofar filin wasa take ba na biya, matar auren da ke zuwa lakca da goyo ita ma tana biya. Tambayar da nake son yi wa shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai, cikin girmamawa, ita ce: a cikin masu biyan nan, mutum nawa ne suka taɓa yin gumi da kuɗin nasu?

A lissafa mana. Idan gasar ƙwallon sassa ta zo, kowane sashe zai fitar da mutum goma sha ɗaya da 'yan benci. Fuskokin da aka gani bara su za a gani bana, sai dai in wani ya kammala. Waɗanda ake zaɓa su wakilci makaranta a NIPOGA kuwa ba su cika bas biyu ba, kuma sun cancanta, ban ce komai a kansu ba. Sauranmu aikinmu tsayuwa a bakin fili, buga jarka, da zagin alƙalin wasa. Ni ma ina cikin masu buga jarkar, kuma ina jin daɗinta. Amma shekara biyu ke nan ina biyan kuɗin wasanni, abin da na samu a ciki shi ne dishewar murya.

Shawarata ɗaya ce. A kasafin da majalisar ɗalibai za ta zauna a kai na wannan shekara, a ware wa gudun karɓa-karɓa na dogon zango gurbi, gudun da aka tsara musamman domin waɗanda ba 'yan wasa ba. Na san da yawa za su ce ai mun san shi, wanda mutum huɗu ke miƙa wa juna sanda. Wancan ɗan'uwansa ne, kuma Nijeriya ta yi suna a kansa: a gasar Olamfik ta Sidni a 2000 'yan gudunmu na mita 400 sau huɗu sun zo na biyu, sannan a 2012 aka mayar musu da lambar ta koma zinare bayan an soke nasarar Amurka saboda ƙwayoyin ƙara kuzari. Amma wancan na masu ƙafar barewa ne, minti uku an gama. Wanda nake nufi shi ne a ɗauko doguwar hanya, kilomita 20 ko 40 ko fiye, a yanka ta gunduwa-gunduwa, kowane ɗan tawaga ya ɗauki gunduwar da ƙirjinsa zai iya, ya kai wa na gaba.

Inda aka fi riƙe wannan gudu da daraja shi ne Japan. Sunansa a can ekiden, kalmar da suka aro daga tsohon tsarin aikensu, lokacin da manzo kan kai saƙo wani masauki ya miƙa wa wani manzon ko ya sauya doki ya ci gaba. Bahaushe da ya gaji fatauci ba ya buƙatar dogon bayani a nan, zango ke nan. Shi ya sa zan riƙa kiran kowace gunduwa zango. Na farko da suka yi a 1917 ne, daga Kyoto zuwa Tokyo, sama da kilomita 500 a zango 23, dare da rana, don murnar cika shekara 50 da komawar babban birninsu Tokyo.

Wanda ya fi kowanne suna kuwa na ɗalibai ne irinmu. Ana kiransa Hakone, an fara shi a 1920 da makarantu huɗu kacal, kuma a 2024 aka yi karo na 100. Duk ranakun 2 da 3 ga Janairu, jami'o'in yankin Tokyo na fitar da mutum goma-goma. Biyar su kai gudun daga tsakiyar Tokyo zuwa bakin wani tafki a kan tsaunukan Hakone a rana ta farko, biyar su dawo da shi a rana ta biyu. Jimilla kilomita 217.1, ya kusa nisan Kano zuwa Kaduna. Ana haska shi kai tsaye a talabijin tun daga tashi har sauka, iyalai na zaune a gida cikin hutun sabuwar shekara suna kallo kamar yadda muke cika gidan kallo ranar wasan ƙarshe na zakarun Turai. Su ba sanda suke miƙawa ba. Wani ƙyalle ne mai launin makaranta da ake ratayawa daga kafaɗa zuwa ƙugu, suna ce masa tasuki. Kafin ya iso hannun na ƙarshe ya sha gumin duk waɗanda suka gabace shi.

Akwai wata doka tasu da ta fi komai taɓa ni. Saboda ba za a rufe titi har abada ba, a ranar dawowa idan tawagar da ke gaba ta wuce wurin miƙawa da minti 20 naka bai iso ba, sai a sallami na gaba da wani ƙyallen aro. Ba a kori tawagar ba, ana ci gaba da lissafa mata lokaci. Amma ka nemi hotunan bidiyon a YouTube ka gani. Yaro ya yi gudun sama da kilomita 20, ya cire ƙyallen ya riƙe a hannu tun daga nesa, yana hango abokinsa a tsaye, saura 'yan daƙiƙa, sai a harba bindigar sallama abokin ya tashi a kan idonsa. Ya iso ba wanda zai miƙa wa. Nan za ka ga ƙato ya zube a kwalta yana kuka kamar an yi masa rasuwa. Kukan na ƙyallen ne da ya yanke a hannunsa.

To, kada a ce na kawo misalin da ya fi ƙarfinmu. Gaskiya ne yaran Hakone ƙwararru ne, suna cinye kilomita 21 a awa ɗaya da 'yan mintoci. Sai dai a Japan ɗin gudun bai tsaya a kansu ba: kamfanoni na yi, unguwanni na yi, makarantun sakandare na yi. Gasar sakandare ta ƙasa da ake yi a Kyoto duk Disamba, maza bakwai ke raba kilomita 42.195, mata biyar su raba rabin hakan. A Amurka kuma, a jihar Oregon, akwai wanda ake kira Hood to Coast, da aka fara a 1982 da tawaga takwas, yanzu kuwa tawagogin sun kai dubu. Mutum 12 ke raba kusan kilomita 320 a zango 36, kowa ya ɗauki uku, daga kan dutse har bakin teku, suna bin juna a motoci biyu, suna kwana a hanya. Mafi yawan masu shiga ma'aikatan ofis ne da iyaye da abokan unguwa waɗanda ba wanda zai taɓa jin sunansu a labarin wasanni.

Ni dai ba ji kawai na yi ba. Lokacin SIWES ɗina a Jos na sauka gidan ƙanin babana, kuma a layinsu akwai wasu da ke fita gudun safe duk Asabar. Nakan bi su jefi-jefi, ranar da na ga dama, yawanci ina can baya tare da masu tumbi. Wata rana suka haɗu da masu gudun wasu unguwanni suka shirya karɓa-karɓa, tsawon gudun fanfalaki cif, kilomita 42 da 'yan kai, mutum takwas a kowace tawaga. Tawagar layinmu ta rasa mutum ɗaya, sai aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Na ce musu ni fa ba ɗan gudu ba ne. Shugaban ya ce, “Ɗalibi, ai da 'yan gudu muke nema da ba mu zo gidan nan ba. Mutum na takwas muke nema.”

Aka ba ni zango na shida, kilomita biyar, saura mako bakwai. Abin da ya faru da ni a makonnin nan bakwai shi ne dalilin wannan rubutu. Mutumin da ƙararrawar waya ba ta iya tayarwa, sai ga shi yana ɗaura igiyar takalmi gari bai gama wayewa ba, a sanyin Jos, garin da ke sama da matakin teku da kusan mita 1,200, inda baƙo ke jin numfashinsa na yankewa a ɗan hawa kaɗan. Ba wanda ya tsaya a kaina da bulala. Abin da ya tsaya a kaina shi ne sanin cewa wanda zai miƙo mini ƙyalle wani dattijo ne tsohon soja da ya haura sittin, wadda zan miƙa wa kuma wata ma'aikaciyar jinya ce da za ta taho daga aikin dare. Da wane ido zan kalle su in na tsaya a hanya? Hausawa suka ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Mutum bakwai da ke jiranka sun isa sa gudu.

Ranar gudun, ƙyallenmu yankin atamfa ne da matar shugaban ta ɗinka. Tsayuwar jira ta fi gudun wuya. Kana kallon na wasu tawagogi na isowa ɗaya bayan ɗaya, wurin na raguwa, cikinka na juyawa, kana ta leƙen kwana. Can sai ga Baba ya ɓullo, yana jan ƙafa amma bai tsaya ba. Ya ciro ƙyallen ya rataya mini da hannunsa, jiƙe sharkaf, ya ce, “Karɓi, ɗana, nawa ya ƙare.” Na ce, “Sannu, Baba,” na kama hanya. A kilomita na uku akwai wani hawa da ba zan manta da shi ba. Da ni kaɗai ne, wallahi nan zan nemi dutse in zauna, kuma ba wanda zai tuhume ni. Sai na rage sauri har mai tallan awara na iya jera kafaɗa da ni, na dai ci gaba. Minti 34 na yi. Anti na hango ni ta fara tafi tana kiran “Taho, ƙanena, taho!” kamar wani gwarzo ne ke isowa. Mun zo na tara cikin tawaga goma sha ɗaya, muka ci masa da shayi a gindin bishiya, muna gardamar wa ya ɓata mana lokaci har azahar ta kusa.

Ga abin da na lura da shi, wanda ba na samu a sauran wasanninmu. A ƙwallo, in ba ka iya ba kai nauyi ne, kocin da ke son nasara dole ya ajiye ka a benci. A gudun mutum ɗaya, irin gudun fanfalaki na Legas da ake yi tun 2016 ko na kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, ƙofa a buɗe take ga kowa, amma kai kaɗai ne da ranka, in ka fasa ba wanda ya rasa komai, shi ya sa fasawar ke da sauƙi. A karɓa-karɓa kuwa lokacin tawaga jimillar lokacin kowa ne. Mai gudun da ya ƙware, in ya yi atisaye wata biyu, da ƙyar ya rage daƙiƙa talatin a zangonsa. Ɗan koyo irina, a wata biyun nan, yana iya zubar da minti biyar ko shida. Ma'ana, ribar tawaga na hannun mai rauninta. Sai ka ga gwanin sashe da kansa yana zuwa ɗakin kwanan ɗalibai yana tada wanda ko gaisawa ba sa yi a da, don ya san a can nasarar take. Wane wasa ne a makarantar nan ke sa gwani ya bi ɗan koyo yana lallashi?

Na tattauna wannan da abokai a kafteriya, kuma sun yi mini ca da hujjoji. Wasu na wasa ne, wasu kuwa na gaske.

Na farko kunya. A garuruwanmu babban mutum ba ya gudu haka kawai. Ka fito da asuba kana sassarfa a lungu, wani zai leƙo ya ce “Lafiya, malam?”, in ma ba ka yi sa'a ba a yi maka ihun ɓarawo. Na yarda da wannan, na gani. Amma kunyar mutum ɗaya ce. Mutum bakwai sanye da riga iri ɗaya suna gudu a cikin harabar makaranta, ba wanda zai tambaye su wa ya biyo su. Mako biyu ma ya isa ido ya saba.

Na biyu zafi, kuma a nan ba na wasa. Wanda duk ya zauna a ajin ƙarfe biyu a watan Afrilu ya san ma'aunin zafi na haura 40 a yankinmu. Gudu a irin wannan yanayi na iya kashe mutum. Shi kansa wanda ya assasa gudun Hakone, Kanakuri Shiso, zafi ya taɓa kayar da shi. A Olamfik ta 1912 a Sitokhom ta ƙasar Suwidin, ya jigata a tsakiyar gudun fanfalaki, wasu mutanen gida suka ɗauke shi suka kula da shi, ya koma ƙasarsa ba tare da ya sanar da masu gasar ba. Sai a 1967, yana da shekara 75, aka gayyato shi ya zo ya ƙarasa, aka rubuta masa shekara 54 da wata takwas da kwana shida. Abin dariya ne yanzu, amma in zafin Turai ya kayar da zakaran ƙasa guda, namu ba abin rainawa ba ne. Saboda haka lokacin gudun shi ne Disamba ko Janairu, a tashi ƙarfe shida da rabi na safe, a gama kafin rana ta yi ƙarfi. Kada ya faɗo cikin azumi, kada ya faɗo makon jarrabawa. Ranar da hazo ya yi kauri kuma, masu asma su huta, ko a ɗage gaba ɗaya.

Akwai kuma maganar sikila, wadda ba ma son yi a bainar jama'a alhali ƙasarmu ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu ɗauke da ita. Mai SS bai kamata abokai su zuga shi ya shiga don a cika lamba ba, gajiya mai tsanani da ƙarancin ruwa a jiki na tayar da ciwon. Mai AS yawanci lafiyarsa lau, amma shi ma ya kula da shan ruwa, kada ya matsa wa kansa fiye da kima. Duk mai son shiga ya fara biyawa ta asibitin makaranta a auna jininsa a saurari ƙirjinsa, kuma abin da likita ya gani ya tsaya tsakaninsu. Wanda aka ce kada ya yi gudu ba a kore shi daga tawaga ba. Kowace tawaga na buƙatar mai riƙe agogo, mai ba da ruwa, da mai tsayuwa a kwana yana kiran sunan mutum lokacin da ƙafa ta fara nauyi. Wanda ya taɓa gudu ya san wannan na ƙarshen ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai maganar mata, wadda a kanta aka fi ɗaga murya. Wani abokina ya ce ai 'yan matan makarantar nan ba za su fito ba. Na tambaye shi wa ya taɓa gayyatarsu? Kuɗin wasanni dai ba a rage musu ko kwabo ba. 'Yar'uwa, ke da kike tashi daga hostel zuwa ɗakin gwaje-gwaje a ƙafa sau biyu kullum, ki koma ki ɗebo ruwa ki hau bene da bokiti, kilomita biyu ba za su gagare ki ba. Batun sutura kuma an daɗe da wuce wurin. Ruƙayya al-Ghasra ta ƙasar Bahrain ta ci zinare a gudun mita 200 a gasar nahiyar Asiya ta 2006 a Doha, kanta a rufe, hannu da ƙafa a rufe. Dogon wando mai faɗi, riga mai dogon hannu, ƙaramin hijabi da ba zai harɗe ƙafa ba, shi ke nan. Ra'ayina shi ne mata su sami nasu gudun daban, da nasu kofin, a kan hanya ɗaya da ta maza, su tashi a nasu lokacin. Kuma su za su zauna su tsara shi, kada maza su taru a ofishin ƙungiya su yanke musu abin da ya dace da su.

Kuɗi fa? A nan ne ma hujjar tawa ta fi ƙarfi, domin ban san wasan da ya kai wannan araha ba. Ba ƙwallo, ba raga, ba hayar alƙali daga gari. Kuma mu kwalejin kimiyya da fasaha ce, abin kunya ne mu ce sai mun ɗauko wani daga waje. 'Yan safiyo na da kayan awo da suke yawo da su a rana suna auna filin da aka auna sau ɗari, a ba su hanyar gudu su auna mana ita daidai, malaminsu ya ba su maki a kai. Ɗinkin ƙyalle aikin awa ɗaya ne ga masu koyon zane da ɗinki. Lissafin lokaci kuwa, in 'yan kwamfuta da 'yan ƙididdiga suka kasa haɗa mana jadawalin da zai tara mintocin mutum bakwai, to a dawo mana da jarka. Abin da zai ci kuɗi na gaske shi ne ruwan leda, man motar asibiti da za ta tsaya a kusa, da ɗan abin da za a ba masu gadi da za su tare 'yan acaɓa da masu adaidaita sahu daga hanyar na awa uku. Ba na goyon bayan a fita babban titi a karon farko. A zagaya cikin harabar makaranta, ko sau nawa ne, wurin miƙawa ya zama ɗaya a gaban babban ɗakin taro, inda kowa zai ga kowa.

Ga yadda nake hango shi, masu ilimin abin su gyara. Kilomita 21, mutum bakwai. Kada zangunan su zama daidai wa daida, don a nan hikimar take: ɗaya mai kilomita biyar, ɗaya mai huɗu, biyu masu uku-uku, uku masu bibbiyu. Mai ƙarfi ya ɗauki dogo, wanda jiya ya fara ya ɗauki gajere. In kowa na cin kilomita ɗaya a minti bakwai, wanda sassarfa ce kawai, tawaga za ta gama cikin awa biyu da rabi, ƙarfe tara an watse. Doka ɗaya nake roƙon a riƙe da ƙarfi: kada tawaga ta sa fiye da mutum ɗaya daga cikin masu wakiltar makaranta ko sashe a kowane wasa. In aka saki wannan, 'yan ƙwallo za su cika gurbin bakwai ɗin, mu koma bakin fili inda muka fito. Zan so kuma a ce kowace tawaga ta haɗa ɗan ajin farko da ɗan babbar difloma, har ma da ma'aikaci ɗaya in ya yarda, lakcara ne ko masinja. Ina son in ga ranar da shugaban sashe zai tsaya yana leƙen kwana, yana jiran ɗan aji ɗaya ya kawo masa ƙyalle. Dokar sallama da ƙyallen aro kuwa mu bar wa Japanawa kayansu. Ba titin Tokyo muka rufe ba, a jira na ƙarshe ya iso ya miƙa da hannunsa.

Ga wanda ke karanta wannan yana cewa shi ko bas ba ya iya bi da gudu: hukumar lafiya ta Birtaniya na da wani tsari na mako tara da ke ɗaukar wanda bai taɓa gudu ba ya kai shi ga gudun minti 30 ba tsayawa. Fita uku ne a mako. A makon farko gudun daƙiƙa 60 ne, tafiya daƙiƙa 90, a maimaita. Kowane mako a ɗan ƙara. Ba ya buƙatar takalmi mai tsada, kambas ɗin gwanjo da bai matse yatsa ba ya wadatar. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, mu kuwa daga benci sai katifa sai waya, ga shayi da indomi da tsakar dare. Wa'azin lafiya mun sha shi, bai tada kowa daga barci ba. Abin da na ga yana tada mutum shi ne ƙwanƙwasar abokin tawaga a ƙofa.

Saboda lissafin mako taran nan, in ana son gudu a tsakiyar Janairu, dole a buɗe rajistar tawagogi a farkon Nuwamba, wato dole maganar ta shiga kasafin da za a zauna a kai yanzu. Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, da mai girma daraktan wasanni, ba sabon haraji nake roƙo ba, daga cikin wanda muka riga muka biya ne. Ku kuma 'yan majalisa masu wakiltar sassa, lokacin kamfe kun bi mu ɗaki-ɗaki, to ga abu ɗaya da za ku ɗaga hannu a kai. Mu a ajinmu mun riga mun haɗa shida, har da wanda ya fi kowa barci a lakcar safe. Muna neman na bakwai, zangon kilomita biyu ne ya rage.